Tagwayen Sukari a Cikin Abincinmu

Mu 'yan Babban Mutum, a Ƙaramar Hukumar Baure ta masarautar Daura, da rake da nono da kunun zaki muka girma. A darasin kimiyyar sinadarai na jami'a muka gano cewa kowannensu na ɗauke da abin da za a iya kira tagwayen sukari, wato ƙwayoyin sukari biyu da suka haɗe suka zama ɗaya.

Uku ne suka fi shahara. Sukuros shi ne na rake da mazarƙwaila da sukarin kanti, haɗin gulukos da furuktos. Laktos shi ne na madara, haɗin gulukos da galaktos. Maltos kuwa gulukos ne guda biyu, yana fitowa idan sitaci ya farfashe, kamar a hatsin da ya yi tsiro ko gasasshen dankalin Hausa. Jiki ba ya amfana da ko ɗaya sai ƙaramin hanji ya raba tagwayen, kuma kowanne da sinadarin da ke raba shi.

A nan hikimar iyayenmu take. Manya da yawa sinadarin da ke raba laktos ya ragu a hanjinsu, shi ya sa ɗanyar madara ke kumbura musu ciki. Amma idan madara ta kwana ta zama nono, ƙwayoyin halitta sun riga sun mayar da wani kaso na laktos ya zama tsami, sai ciki ya fi karɓarsa. Masu sayar mana da nono sun daɗe suna wannan aiki ba tare da ɗakin gwaji ba.

Abin da ke damunmu shi ne sukuros da muke ƙarawa da hannunmu. Fura sai an zuba mata cokali uku, mai shayi ya ƙara nasa, da rana a kora da lemon kwalba. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada irin wannan sukari ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da muke samu daga abinci, wato kimanin giram 50, ko ƙananan cokula 12 a rana ga babba. Kwalbar lemo ɗaya kan cinye fiye da rabin wannan. Yawansa na ruɓar da haƙori, yana jawo ƙiba, ƙiba kuma na buɗe wa ciwon sukari ƙofa.

Ba mu ce a daina shan zaƙi ba. Amma 'yan'uwa ɗalibai, mu riƙa ƙirga cokulan, mu kuma koya wa ƙannenmu ƙirgawa tun harshensu bai saba ba, don icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.