YINI GUDA A KUFAN ALƘALAWA: WA ZA MU MAYAR BOS?

Gardama ce ta jawo wannan tafiya. Wata rana da daddare muna zaune a wani shagon tace finafinai a Kano, an tashi daga aiki ana shan shayi, sai hira ta faɗa kan finafinan tarihi. Wani ya ce shi har gobe bai ga kamar Lion of the Desert ba, wato fim ɗin Umar Mukhtar. Wani ya ce ina, ai Jodhaa Akbar ya kashe bakin kowa. Ni kuma da shegen surutu sai na ce mu matsalarmu ba mu da labarin da ya kai nasu, shi ya sa kullum daga soyayya sai kishiya.

Abokina mai ɗaukar hoto, Bagobiri ne ɗan Kurawa ta ƙasar Sabon Birni, ya ajiye kofinsa ya dube ni.

"Ka taɓa zuwa Alƙalawa?"

Na ce a'a.

Ya ce, "To ka yi shiru har sai ka je."

Mai karatu, ka san halin Bagobiri da kafiya. Bai bar ni na sha ruwa ba sai da ya ga na shiga mota. A cikin hunturun 2012 ne. Muka bi ta Gusau, Ƙauran Namoda, Shinkafi, muka ratsa Isa, muka sauka Sabon Birni da la'asar sakaliya. Daga nan muka hau babur zuwa Kurawa, gidan su abokin nawa, inda aka tarbe mu da fura mai sanyi da tuwon gero.

BABA JAGORA

Kada ka zaci akwai wani ofis da ake yankar tikiti, ko wani mai inifom da zai riƙe tuta yana gaba kana biye. Jagoranmu wani dattijo ne, ƙanen kakan abokina, manomi, mai tsagar Gobirawa raɗau a kumatu. Tun yana yaro yake bin tsofaffi yana sauraren labarin sarakuna. Da aka gaya masa abin da ya kawo ni, sai ya yi dariya ya ce:

"Ɗana, kai ne kac ce ba mu da labari? To gobe ka taho da kunnuwanka duka biyu."

Na ce, "In sha Allahu, Baba."

Da aka sallame asuba muka kama hanya da babura biyu, Baba a bayan jikansa, ni a bayan wani matashi da ya rantse bai taɓa kayar da kowa ba. Sanyi kamar zai tsinke kunne, ga hazo. Muka tsaya Sabon Birni muka sha koko da ƙosai, sannan muka gangara wajen fadamar gulbin Rima.

Gaskiya zan faɗa maka, da aka ce mun iso, gwiwata ta yi sanyi. Ni da na zo da hoton fadojin Indiya a kaina, sai ga ni tsaye a gona, karan gero ko'ina, awaki na kiwo. Na ce, "Baba, ina birnin?"

Ya ce, "Bisa gare shi kake tsaye. Duba ƙasa."

Na duba. Tsingaron tukwane ne barbaje a cikin kunya-kunya, wasu har da zane a jiki. Ya nuna mani wani dogon tudu da ya miƙe ya yi kwana, ya ce ragowar ganuwa ke nan. Daga nan idona ya fara buɗewa.

BIRNIN DA AKA GINA A GONAR ALƘALI

Baba ya zaunar da mu a kan tudun ya ɗauko zance daga tushe. Gobirawa, in ji shi, ba nan suka faro ba. Daga Azbin suka gangaro, suka zauna Birnin Lalle da wasu wurare a cikin ƙasar da ake kira Nijar yanzu, kullum cikin yaƙi. A tsakiyar ƙarni na 18 suka shigo ƙasar Zamfara a matsayin baƙi, aka ba su wurin zama a gonakin Alƙalin Zamfara. Daga nan sunan Alƙalawa ya samo asali. Baƙo ya yi ƙarfi, Sarkin Gobir Babari ya juya ya ci Birnin Zamfara da yaƙi a farkon shekarun 1760, Alƙalawa ta zama babban birni.

Ka ga fa, tun ba a je ko'ina ba an samu fim guda: baƙon da ya fi ƙarfin mai gida.

Sai ya zo kan Bawa Jan Gwarzo, ɗan Babari. A nan muryar Baba ta canza, har ya miƙe tsaye. Bawa ne sarkin da sunansa kaɗai ke sa maƙwabta su kwana ba barci. Amma abin da ya fi kama ni shi ne haɗuwarsa da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Magami, ranar Babbar Sallah, wajen 1788. Sarki ya tara malamai ya yi masu kyauta, ya ware wa Shehu zinariya miskali 500. Shehu ya ce ba ya bukata, abu biyar yake so: a bar shi ya yi wa'azi, kada a hana kowa amsa kiransa, a girmama duk mai rawani, a saki fursunoni, kuma a sassauta wa talakawa haraji. Bawa, duk da zafinsa, ya amince.

Jama'a, ku rufe ido ku hango wannan fitowa. Filin idi cike da dawaki, sarki mai ji da kansa a gefe guda, malami ɗan shekara talatin da 'yan kai a gefe guda, ga zinariya a tsakani an ƙi ɗauka. Wane darakta ne zai ga wannan bai ji tsikar jikinsa ta tashi ba?

Bayan Bawa aka yi Yakuba, aka yi Nafata. Nafata ne ya kafa dokokin nan masu zafi: ba mai wa'azi sai Shehu shi kaɗai, wanda bai gaji Musulunci ba ya koma addinin iyayensa, maza su daina naɗa rawani, mata su daina lulluɓi. Sai ɗansa Yunfa ya hau. Ana faɗin cewa Yunfa ya yi karatu a gaban Shehu yana yaro. Ka ji wani ƙullin labarin: malami da almajiri.

Daga nan abubuwa suka yi ta bin juna da sauri. Aka kai wa mutanen Abdussalami hari a Gimbana. Shehu ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a watan Fabrairu 1804. A watan Yuni aka gwabza a Tabkin Kwatto, rundunar Yunfa ta sha kashi. A ƙarshen shekarar Gobirawa suka rama a Tsuntsuwa, kusa da Alƙalawa, inda jama'ar Shehu suka rasa mutane masu yawa, ciki har da mahaddata Alƙur'ani kimanin 200. Sai a watan Oktoba 1808 rundunar da Muhammadu Bello ya jagoranta ta shiga birnin, Yunfa ya mutu yana yaƙi. Duka-duka shekara hamsin ko ƙasa da haka birnin ya yi yana sharafi.

Muka zaga. Baba ya nuna mana inda ya ce nan fada take, ya kai mu maƙabartar sarakuna muka yi addu'a. Ya nuna mana wani kwari da ake kira Tafkin Kanu. Na tambayi ma'anar sunan, abokina ya raɗa mani cewa kanu a bakinsu shi ne kawuna, wai nan ake jefa kan wanda aka yanke wa hukuncin kisa. Ban ƙara matsawa kusa ba.

TAMBAYAR DA TA ƊAURE NI

Da rana ta take muka fake a inuwar wata tsamiya, aka kwance ƙunshin dambu. Ni kuwa baki ya ƙi rufuwa. Na ce, "Baba, wallahi sai mun yi fim ɗin nan! Za mu kawo 'yan wasa, mu kawo dawaki, a nan za mu yi lokeshin."

Ya gama tauna abin da ke bakinsa, ya ce, "Ina ganin finafinan naku wurin yara. Kowane akwai na kirki, akwai mugu wanda aka kashewa daga ƙarshe. Mi kuka ce mashi?"

Na ce, "Bos."

Ya ce, "To a naku wa za ku mai da bos? In kun ce Yunfa, kakana ne. In kun taɓa Shehu, malamina ne, da shi nike tawassuli. Uwata Bahillata ta, ubana Bagobiri. Wane rabi nawa za ku kashe?"

Na buɗe baki na rufe. Abokina yana gefe yana ta dariyar mugunta.

Baba ya ci gaba da cewa labarin bai ƙare ranar da birni ya faɗi ba. Gobirawa sun yi ta faɗa har Sarki Ali ya mutu a yaƙin Gawakuke a 1836. Mayaƙi ya kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, inda sarautar Gobir take har yau a cikin Nijar. Daga baya Ɗan Halima ya ɓalle daga Tsibiri, ya yi sulhu da Sakkwato, ya kafa Sabon Birni wajen shekarun 1860. Ita kuwa Isa da muka ratsa jiya, ribaɗi ce ta 'yan jihadi, gidan Bello ke sarautarta, amma sunan sarautar Sarkin Gobir. Wato jikokin waɗanda suka ci birnin da jikokin waɗanda aka ci, yau kasuwa ɗaya suke ci, sun auri juna, suna bin liman ɗaya. Duk wanda zai ba da labarin nan, dole ya ba da shi yadda kowannensu zai kalla ya ga kakansa mutum ne.

Muna cikin haka batirin kyamara ya mutu, na biyun kuma ashe mun baro shi a jikin caji a Sabon Birni. Minti 40 kacal muka ɗauka, rabinsa ma iska ta cinye maganar. Na ce ba komai Baba, za mu dawo da shiri sosai bayan damina. Ya ce, "Allah shi kai mu." Muka koma Kurawa ana kiran magariba, jikina duk ƙura, kaina cike.

ALKAWARIN DA BAN CIKA BA

Ban koma ba. Damina ta wuce, wata ta zo, kullum ana cewa sai an samu furodusa mai kuɗi. Kafin mu farga ƙasar ta rikice. 'Yan bindiga suka mamaye dazukan Sabon Birni da Isa. Daga 2019 dubban mutane suka tsallaka jihar Maraɗi gudun hijira. A watan Disamba 2021 aka tare wata motar fasinja a yankin aka cinna mata wuta da mutane a ciki, fiye da 20 suka rasu. A watan Agusta 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi. Hanyar da muka bi muna waƙa a kan babur ta zama wadda ake shiga da salati.

Baba yana cikin waɗanda suka tsallaka. Can ya rasu, a gidan wata 'yarsa, nesa da gonarsa. Allah ya jiƙansa da rahama. Abin da ya rage mana na muryarsa shi ne minti 40 ɗin nan. Duk sanda na kunna, sai na ji kunya ta kama ni.

Don haka ba zan ce maka ka ɗauki jaka ka nufi Alƙalawa gobe ba. Duk mai niyya ya fara tuntuɓar mutanen yankin, in sun ce a dakata a dakata. Amma akwai abin da ba ya bukatar hanya. Tsofaffi irin Baba suna nan a Sakkwato, a Maraɗi, a Kano, wasu a cikin gidajenmu. Wayar da ke hannunka ta fi kyamarar da muka je da ita. Zauna gaban kakarka ka danna, ka tabbata ka yi caji.

Ku kuma 'yan industiri, kada wani ya ce ba a taɓa yi ba. Adamu Halilu ya yi Shaihu Umar tun 1976. Med Hondo ya ɗauki labarin sarauniyar Lugu ta ƙasar Arewa a Nijar ya yi Sarraounia a 1986, ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Wagadugu a 1987. An saki Amina a Netflix a 2021. Matasanmu sun kwana suna kallon Ertugrul har sun haddace sunayen jaruman Turkawa, alhali da yawansu ba su san wane ne Babari ba. Laifin wa?

Na san akwai wahala. Dawaki da sulke da lifidi kuɗi ne, kuma fito da Shehu a fuskar ɗan wasa abu ne da sai an zauna da malamai da masarauta. To amma wa ya ce dole sarki ko malami ne zai zama jarumi? A ba da labarin ta idon wata budurwa 'yar marina a Alƙalawa, wanda za ta aura ya bi Shehu zuwa Gudu, wanta kuma yana cikin dakarun Yunfa. Ga soyayyar da kuke so, ga kuka, ga yaƙi, ba kuma wanda aka mayar bos.

Abokina Bagobiri har yanzu in mun haɗu sai ya ce, "Malam, har yau ba mu da labari?" Ni dai na janye maganata tun a gindin tsamiyar nan. Saura ku marubuta. Wanda ya shirya ya rubuto mana, minti 40 ɗin Baba suna nan a ajiye, zan ba shi ya saurara.

Allah ya zaunar da ƙasar Gobir lafiya, ya mayar da kowa gidansa. Amin.