Ƙafar Yayana

Ina aji biyu a sakandare yayana ya faɗi da babur a hanyar kasuwa, ƙwaurinsa na hagu ya karye, har wani yanki na ƙashin ya rugurguje. Kamar yadda aka saba a garinmu, aka kira maɗori. Ya ja ƙafar, ya jera karare, ya ɗaure tam, ya ce bayan kwana arba'in zai taka. Arba'in ta cika, aka ƙara wata, ƙafa kuwa tana nan tana lilo.

Da aka kai shi asibiti, likita ya ɗaga hoton ƙashin ya nuna wa mahaifinmu, ya ce, "Baba, dubi nan. Ƙashi shi ke ɗinke kansa, mu da maɗori aikinmu mu haɗa baki da baki, mu hana motsi. Amma giɓin nan ya yi faɗi, sabon ƙashi ba shi da abin da zai bi ya ƙetare." Sai suka yanko ƙashi daga ƙugunsa suka cike wurin. Ƙafa ta warke, alhamdu lillahi, amma har yau in hunturu ya shigo, ƙugun ne ke hana shi barci. Wato an haƙa rami don a cike rami.

Wannan abu ya daɗe yana ci mini rai, har na shigo jami'a na tarar ashe masana sun jima suna neman mafita. A shekarun 1960 da 1970 wani masanin Tarayyar Sobiyet, Alexander Friedenstein, ya gano cewa a cikin ɓargo akwai wasu ƙwayoyin halitta na asali masu iya rikiɗa su zama ƙashi. A 1969 kuma Larry Hench na Jami'ar Fulorida a Amurka ya haɗa wani irin gilashi wanda ƙashi ke manne masa ba tare da jiki ya ƙi shi ba.

To, mai karatu, ka san kabewa ba ta hawa sai an kafa mata danga. Haka dabarar take. Ana ƙera dangar da sinadari irin wanda ke cikin ƙashi, mai ƙananan huda-huda kamar soso domin jijiyoyin jini su ratsa. Sa'an nan a ɗebi ɓargon majiyyaci, a rainon ƙwayoyin har su yawaita, a zuba su a ciki, a dasa a giɓin. A 2001 likitocin Italiya da na Rasha suka ba da rahoton mutum uku da aka cike musu giɓin santimita 4 zuwa 7 ta wannan hanya, suka kuma koma amfani da gaɓoɓinsu.

Amma fa kada mu yi azarɓaɓi. Aikin yana da tsada, yana bukatar ɗakin bincike mai tsabtar gaske, kuma har yanzu yanko ƙashi daga ƙugu shi ne abin da likitoci suka fi dogara da shi. Abin da ke hannunmu yau shi ne a ɗauki hoto kafin a yi ɗori. Da mun yi haka, da yayana bai yi kwana tamanin a kwance a banza ba.

Ran da na ba shi wannan labari, dariya ya yi, ya dafa ƙugu ya ce, "Ƙane, yi ta karatu, ko na baya sa huta." Allah ya sa haka.