Milimita 21 tsakaninmu da wani ɓarin

Mu Hausawa mun gaji wata kunya wadda ta hana namiji ya yi zancen cikin matarsa, ko da a gaban mahaifiyarsa ne. A cikinta na tashi a Dakoro, kuma da ita na yi aure. Yau zan ajiye ta gefe, don na ga abin da ta jawo mini.

A daminar 2021 maiɗakina tana da cikin wata biyar. Wata rana da la'asar ta ce tana jin nauyi a mara, ba ciwo ba. Kafin lisha faya ta fashe, kafin asuba mun rasa ɗa namiji wanda bai wuce tafin hannuna ba. Kowa ya kawo nasa dalili: wasu suka ce iska ce, wasu suka ce baki ne, wasu suka ce daka ya yi mata yawa. Ni kuwa da na yi lise, nake rubutu da Faransanci kullum, ban san ko sunan abin da ya same mu ba. Na ce ƙaddara ce, na yi shiru.

A 2023 Allah ya sake ba mu rabo. A wajen awo, wata dattijuwar sajfam ta tambayi yadda na farin ya zube. Da ta ji babu naƙuda mai tsanani, sai ta aika aka kira ni daga gindin bishiyar da maza ke jira. Ta ce: "Malam, ka kai ta Maraɗi a auna mata tsawon wuyan mahaifa, kada ka jira sai ta yi ciwo." Muka bi hanyar nan mai wajen kilomita 120, ta Kornaka da Tibiri.

Likitan da ya duba ta ya yi mini misali da salka. Ya ce mahaifa kamar salka take, wuyanta, wanda ake kira col da Faransanci, shi ne bakin da aka ɗaure. A tsakiyar ciki tsawonsa yakan kai milimita 30 zuwa 40. In ya sauka zuwa 25 ko ƙasa kafin mako na 24, to akwai haɗarin ya buɗe tun ɗa bai isa ba, kuma sau da yawa mace ba ta jin komai. Ekogarafin da ake yi bisa fatar ciki ba ya nuna shi sosai, sai wanda ake yi ta gaba. Nata ya nuna milimita 21 a mako na 20.

Ya ce hanya biyu ce aka sani. Ta farko maganin forojestaron da mace ke sakawa ta gaba kowane dare. Ta biyu a ɗaure wuyan da zare mai ƙarfi, dabarar da wani likitan Indiya, Shirodkar, ya bayyana a 1955, McDonald na Ostareliya ya sauƙaƙa ta a 1957, a kwance zaren wajen mako na 36 ko 37, ko da zarar naƙuda ta taso. Saboda ɓarin da ta yi a baya, ya zaɓa mata ɗaurin. Bai yi mana alkawarin komai ba, ya ce ana rage haɗari ne kawai.

Da muka koma gida sai wata jarrabawar ta fara. Likita ya ce kwanciya dare da rana ba a tabbatar tana hana haihuwar bakwaini ba, har tana iya sa jini ya daskare a ƙafa, amma ta bar daka da ɗaukar ruwa, ni kuma in ƙaurace wa shimfiɗarta. Inna ta ce: "Mu da muka haife ku bakwai muna surfe, wa ya ɗinke mu?" Na durƙusa na ce: "Inna, ke ce kika wanke na farin kafin a kai shi." Ba ta ƙara magana ba. Washegari ta aiko jikanyarta, ita ta riƙe tabarya har watanni uku.

Na rubuta alamomin haɗari na liƙa a ƙofar ɗaki: ciwon mara mai zuwa yana dawowa, ciwon baya, zubar ruwa ko jini, zazzaɓi. Lissafin hanya ya hana ni barci, don haka a mako na 28 na kai ta gidan ƙanen mahaifina a Maraɗi. A mako na 33 naƙuda ta zo. Aka kwance zaren, aka yi mata allurar da ke ƙarfafa huhun jariri, wadda ake bayarwa kafin mako na 34. Bayan kwana biyu ta haifi ɗiya mai kilo 1 da giram 900.

Aka koya mana renon kangaru, wanda aka soma a Bogota ta ƙasar Kolambiya a 1978: a ɗora jariri tsirara a ƙirji, fata da fata, a lulluɓe. In uwar ta gaji, ni nake cire riga in karɓa. Matan ɗakin suka yi ta dariya a ɓoye. Yau yarinyar tana gudu a tsakar gida.

Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 an haifi jarirai miliyan 13 da dubu 400 kafin mako na 37, wato wajen ɗaya cikin goma. Tun 2016 ta ba da shawarar a yi wa mai ciki ekogarafi kafin mako na 24. A nan Nijar an yafe kuɗin fiɗar haihuwa a 2005, na awon ciki a 2006, amma babu dokar da za ta biya maka kuɗin mota da masauki, ko ta tambayi likita a madadinka.

To, ƴan uwana ƴan kasuwa da ma'aikata, mun iya tanadin ragon suna tun ciki yana wata uku. Wanda matarsa ta taɓa ɓarin wata huɗu ko biyar ko shida, ko ta haifi bakwaini, ya ware ƴan jikkuna, ya raka ta awo da wuri, ya shiga ciki ya faɗi abin da ya faru a baya, ya roƙi a auna wuyan mahaifa daga mako na 16. Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya ji ƙan waɗanda ba su kai ranar suna ba.