Kama da Wane Ba Wane Ba Ce: Tsutsar Kifin Teku da Zaɓen Masauki

A jikin kifayen teku akwai wasu shimfiɗaɗɗun tsutsotsi da masana ke kira Monogenea. Suna maƙalewa a fata ko a gaɓar numfashin kifi da ƙananan ƙugiyoyi, kamar yadda kaska ke kama saniya. Ba sa bukatar wata dabba ta tsakiya kafin su cika rayuwarsu. Ƙwai yana faɗawa ruwa, ɗan tsutsa ya ƙyanƙyashe, ya yi iyo na ɗan lokaci kaɗan. In bai sami kifin da ya dace da shi ba, sai ya mutu.

Abin da ya fi jan hankali game da su shi ne tsananin zaɓe. Masanin nan Klaus Rohde ya bi bayanan ɗaruruwan nau'o'insu na teku, ya tarar fiye da kashi uku cikin huɗu ba a san su a jikin kowa ba sai nau'in kifi guda. Graham Kearn na Ingila kuma ya nuna yadda hakan ke faruwa a wata tsutsa mai suna Entobdella soleae: ɗanta yana gane mai masaukinsa ne ta sinadaran da ke cikin yauƙin fatarsa, ya bar sauran kifaye su wuce.

Sai dai akwai wadda ta karya wannan ƙa'ida. A 1927 aka bayyana wata tsutsa daga gidan nunin kifaye na birnin Niyok, wadda yanzu ake kira Neobenedenia melleni. Tana cin fatar kifi har ta kai ga ido, wani lokaci ta makantar da shi. Daga baya aka riƙa samun rahotonta a jikin kifaye sama da nau'i 100. A 1955 aka bayyana wata mai kama da ita a Kalifoniya, wadda yanzu ake kira Neobenedenia girellae. Siffarsu ta yi kusa ƙwarai, har a 1996 wasu masana suka yanke cewa abu ɗaya ne mai suna biyu.

Tambayar da ta rage tana da nauyi. Shin da gaske tsutsa ɗaya ce ke cin kifaye masu yawa haka, ko kuwa nau'o'i ne da dama, kowanne da kifinsa, ido ne ya kasa raba su? Siffa ba za ta ba da amsa ba, domin girman jikin tsutsar da na ƙugiyoyinta yana sauyawa bisa ɗumin ruwa da irin kifin da take kai.

A 2018 masu bincike a Ostireliya suka gwada ƙwayoyin gadon samfuran da aka tattaro daga sassan duniya. Suka tabbatar cewa biyun nau'o'i ne mabambanta, kuma yawancin ɓarnar da aka daɗe ana ɗora wa melleni a gonakin kifi aikin girellae ne. Amma rarrabewar ba ta kawar da rashin zaɓen ba. Girellae ɗin dai nau'i ɗaya ce, tana jikin kifaye iri-iri a tekuna masu nisa da juna.

Ga mai kiwon kifi a kejin teku, wannan batu ne na dukiya. Tsutsa mai zaɓe tana tsayawa inda kifinta ya tsaya. Wadda ba ta zaɓe kuwa tana iya shigowa a jikin wani kifi ta koma kan wani. Haka ta faru a Japan a farkon shekarun 1990, inda aka gano girellae a jikin 'ya'yan kifin da aka shigo da su daga Sin, daga nan ta bazu cikin wasu kifayen kiwo. Kowace tsutsa tana da gaɓoɓin namiji da na mace, guda ɗaya tak tana iya hayayyafa ita kaɗai. Ƙwayayenta kuma suna da zare mai sarƙewa a ragar keji. Tsoma kifi cikin ruwan daɗi na 'yan mintoci yana kashe manyan, amma ƙwan da ke raga yana nan yana jira.

Shi ya sa sanin ainihin sunan tsutsa yake gaba da magani. Wanda ya ɗauka tsutsar da ke gonarsa mai zaɓe ce zai tsare ƙofa ɗaya kawai. Wanda gwajin gado ya nuna masa girellae ce ya san duk kifin da zai shigo, ko wane iri ne, sai an keɓe shi an bincika tukuna.