Kafanchan: Inda Ake Musu a Kan Zakka da Baiko

Matafiyin da ya tashi daga Kaduna ya nufi kudu, ya bi ta Kujama da Kachia da Zonkwa, tun kafin ya isa Kafanchan zai ga ƙasa ta sake kama. Itatuwa sun ƙara tsawo da duhu, ƙasa ta yi ja, ga duwatsun Kagoro sun tokare gabas, kawunansu cikin hazo. In da damina ne zai ga gonakin citta an lulluɓe su da ciyawa da ganye, ga acca, ga doya, ga masara. Kusa da gari kuma akwai mafaɗar ruwan Matsirga, wadda ƙararta kan isa kunne tun ido bai gan ta ba.

Shi dai garin Kafanchan jirgin ƙasa ne ya raya shi. A shekarar 1927 ne hanyar jirgin da ta taso daga Fatakwal ta haɗu a nan da wadda ta tafi Kaduna, aka kuma fitar da reshe zuwa Jos domin kwasar kuza. Kafin a ce haka, ƙauyen Fantswam, watau mutanen da suka ba wurin suna, ya cika da Ibo da Yarabawa da Nufawa da Hausawa da Tibi, wasu direbobi, wasu akawuna, wasu leburori, wasu kuwa sun biyo ƙamshin ciniki ne kawai. A 1933 Sarkin Jama'a ya baro tsohuwar hedkwatarsa ya tare a Kafanchan. Masarautar tasa Fulani ne suka kafa ta wajen 1810, tana kuma biyayya ga Zazzau. Su kuwa Fantswam sai a zamanin Gwamna Ahmed Makarfi suka sami nasu sarki mai sanda, wanda suke kira Agwam. Saboda haka gari ɗaya ne, amma fada biyu. Harkar jirgi ta ja baya tun shekarun 1980, tashar da a dā ba ta barci yanzu ta yi tsit, amma jama'ar da jirgi ya tara ba su watse ba.

Abin da zai fara ba baƙon da ya zo daga Kano ko Katsina mamaki shi ne harshe. Bajju yana da nasa, Atyap da Ham da Agworok da Nikyob da Gwong kowa da nasa, amma in sun haɗu a kasuwa ko a mota Hausa suke yi. Har a coci ma haka ne. Tun 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, shi ya sa Kiristan wannan ƙasa Allah yake kira, addu'a yake yi, azumi yake ɗauka, yana maganar annabawa da mala'iku da Lahira da kalmomin da maƙwabcinsa Musulmi yake amfani da su. To, mutum biyu da suka yi tarayya a kan kalmomi, suka kuma saɓa a kan ma'anarsu, ai ba za su rasa abin musu ba har abada. A teburin mai shayi kuwa ake baje wannan koli, da safe kafin a buɗe shaguna, ko da almuru bayan an rufe.

Musun da ya fi kowanne daɗi shi ne na zakka, domin a cikinsa kuɗi da addini suka haɗu. Kirista ma zakka yake kiran ɗaya bisa goman da yake kai wa coci, abin da yake jefawa a faranti ran Lahadi kuma baiko. Za a ga wani tsohon ma'aikacin reluwe, mai jiran fansho, ya dubi dillalin citta da ke zaune kusa da shi ya ce, "Alhaji, ku dai kun huta. Ɗaya cikin arba'in, shi ma sai dukiya ta kai nisabi, sai kuma shekara ta zagayo. Mu kuwa ɗaya cikin goma, kowane wata, ga baiko kowane mako."

Alhaji ba zai ko ɗaga kai daga kofinsa ba, sai ya ce, "Baba, ai wanda laifinsa ya fi yawa shi ake ci wa tara mai yawa."

Sai a fashe da dariya. Shi kuwa Baba sai ya bari ta lafa, ya gutsuri burodi, sa'an nan ya ce, "Ashe shi ya sa aka ɗora muku salla biyar kullum, mu kuwa aka ce mu zo ran Lahadi a duba mu."

A nan ne wani malamin makarantar allo zai sa baki, ya ce a yi hattara da lissafi, domin manomi Musulmi ma ɗaya cikin goma yake fitarwa a hatsin da ruwan sama ya shayar, in ya kai nisabi. Wani ya tambaya, to citta fa? Malam ya ce a mazhabar Malikiyya ba a lissafa citta cikin amfanin gonar da ake fitar wa zakka ran girbi, sai dai kuɗinta in sun taru sun shekara. Baba ya tafa hannu ya ce yau ya gane dalilin da ya sa Alhaji ya bar dawa ya koma citta. Daga ƙarshe kuma a koma musun wanda zai biya kuɗin shayi, Baba ya ce fansho bai fito ba, Alhaji ya ce kuɗinsa na hannun mutanen Ikko, mai shayi kuwa ya jawo littafinsa ya rubuta. Bashi hanji ne, yana cikin kowa.

Ba banza citta ke shiga kowace hira ba. Kachia da Jaba da Kagarko da Jama'a su ne gidan citta a Nijeriya, daga nan ake loda ta busasshiya zuwa tashar jiragen ruwa, a kai ta Indiya da ƙasashen Larabawa da Turai. Galibin masu noma ta Kirista ne, da yawa daga cikin dillalai da masu manyan motoci kuwa Musulmi ne, saboda haka kowane buhu sai ya ratsa hannun addini biyu kafin ya bar jihar. Matar da ta yini tana tsaga citta tana shanyawa a kan dutse ba ta da wasa a kan farashi. In dillali ya taya da arha sai ta ce, "Albarka, Alhaji, ka ji tsoron Allah, jiya fa ka dawo daga Makka." Shi kuma ya ce, "Mama, ke da aka ce in an mare ki a dama ki juya hagu, ai sai ki sallama." Ta ce wannan umarni bai shafi citta ba. A ja, a ja, a sallama, a ba da gyara, kowa ya tafi yana cewa an cuce shi, alhali kuwa kowa ya san ya ci riba.

A daminar 2023 wannan wasa ya tsaya cak. Wata cuta ta faɗa wa citta, ganye ya yi rawaya, saiwa ta ruɓe a ƙasa, manoma da yawa ko iri ba su tsira da shi ba. Shekarar ce kuma da aka sha wahalar canjin takardun naira, aka kuma janye tallafin man fetur. Wanda ya ci bashin taki bai sami abin biya ba, dillalin da ya ba da kuɗi tun kafin girbi shi ma ya shiga uku. A irin wannan lokaci ne ake gane amfanin zaman teburin shayi, gama mutumin da ka shekara ashirin kana yi wa ba'a a kan rowa, da wuya ka kai shi gaban alƙali a kan bashin buhu biyar. Sai dai a ce masa a gaban jama'a, "Oga, an ce ka sayi sabon babur, Allah Ya sanya alheri." Ya gane, jama'a sun gane, ba a kuwa zage shi ba.

Ran Alhamis kuma akwai kasuwar aladu ta Katsit, a gefen gari, wadda ta yi suna a duk faɗin Nijeriya. 'Yan kasuwa kan zo daga kudu su cika motoci. Musulmi ba ya saye, ba ya sayarwa, amma kuɗin da aka samu a can ba su san hanyar coci kaɗai ba, sukan biyo ta shagon mai atamfa da na mai siminti da teburin mai tsire. Mai kiwon alade zai miƙa kuɗi yana murmushi ya ce, "Malam, na Katsit ne fa, ko za ka iya riƙewa?" Malam ya ce, "Ajiye a nan gefe, rana ta ɗan buge su tukuna." Da mai kuɗi ya juya baya kuwa sun shige aljihu. Haka kuma aka sha musu a kan kuɗin ruwa a 2011, lokacin da Babban Bankin Nijeriya, a ƙarƙashin Sanusi Lamido Sanusi, ya buɗe ƙofar bankin da ba ya karɓar ruwa, shugabannin addini suka yi ta cacar baki a jaridu. A teburin shayi dai ba a daɗe ba aka daidaita, domin babu mai asusun kirki a cikinsu, kowa adashi yake zubawa, uwar adashi kuwa ba ta tambayar addinin kowa, ranar zubi kawai ta sani.

Har ila yau akwai tsohuwar al'adar nan ta nama. Kirista da yawa in Kirsimati ta zo sukan kira maƙwabci Musulmi ya yanka musu akuya, don kada a kai masa abinci ya kasa ci. Da Babbar Salla kuma naman layya ya ƙetara katanga. A nan ma sai an yi tsiya, a ɗaga tsokar da aka aiko a ce bana ragon Alhaji azumi ya yi.

Amma fa kada mai karatu ya ɗauka kowace magana ce ake wasa da ita. Wasan Kanawa da Zage-zagi, ko na Fulani da Barebari, ko na Gobirawa da Yarabawa, an gaje shi ne kaka da kakanni, yaro ma ya san iyakarsa. Na Kafanchan ba gado ba ne, mutane ne suka ƙera shi da zama tare, shi ya sa ba ya jure ganganci. Ana ba'a a kan rowar Alhaji da tsawon wa'azin Fasto, amma ba a taɓa Annabi, ba a taɓa Littafi. Kalmar arne ba ta shiga wasa ko kaɗan, domin tana tuna wa mutane zamanin hare-hare, lokacin da ake kama kakanninsu a kai Zazzau a matsayin gandu. Haka nan kalmar baƙo, in aka jefi Bahaushen da kakansa a nan aka haife shi da ita, to hira ta ƙare. Sunaye ma a kula da su: wanda a dā ake ce wa Kaje yau Bajju yake so a kira shi, Katab Atyap ne, Jaba kuma Ham. Dattijo na iya ƙyalewa, saurayi kuwa sai ya gyara wa mutum.

Garin ya san abin da kan biyo baya in magana ta tsallake wannan iyaka. Ran Juma'a, 6 ga Maris, 1987, a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, wani mai wa'azi, Rabaran Abubakar Bako, ya kawo ayoyin Alƙur'ani cikin wa'azinsa a taron ɗalibai Kirista. Ɗalibai Musulmi suka ce ya yi ɓatanci, aka kaure da faɗa. Rikici ya fito gari, aka yi asarar rayuka, aka ƙone masallatai. Cikin 'yan kwanaki wuta ta kama Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina, aka ƙone coci-coci masu yawa. A 1992 aka yi na Zangon Katab, wanda ya faro daga musun inda za a mai da kasuwa. A 1999 aka yi na naɗin sabon Sarkin Jama'a. A watan Afrilu na 2011, bayan zaɓen shugaban ƙasa, aka yi wanda ya fi muni, a Kafanchan da Zonkwa da Matsirga da wasu garuruwa, babbar kasuwar Kafanchan ta ƙone da dukiyar Musulmi da Kirista baki ɗaya. Daga baya kuma ga hare-haren da aka yi ta kai wa ƙauyuka, ga rikicin manoma da makiyaya. Wanda duk ya ce hirar shayi ta isa ta hana irin wannan, to bai faɗi gaskiya ba, domin ba ta hana ba.

Ɓarnar da ba a cika lissafawa ba ita ce ta rabuwar unguwanni. Bayan kowane rikici mutane kan kwashe kaya su koma inda 'yan addininsu suka fi yawa. Dattawan da ke tsokanar juna a yau tare suka yi firamare, tare suka yi dako a tasha, kowa ya san sunan uwar ɗan'uwansa. Yaron da aka haifa bayan 2011 kuwa yana iya girma bai taɓa cin tuwo a gidan wanda ba addininsu ɗaya ba, labarinsu kawai yake gani a Facebook. In ya ji Baba yana ce wa Alhaji an ɗora musu salla biyar don laifinsu, ba zai san dariya ake yi ba.

A watan Maris na 2016 wakilan al'ummomi 29 daga ƙananan hukumomi biyar, watau Jama'a da Kachia da Kaura da Sanga da Zangon Katab, suka sa hannu a kan wata yarjejeniyar zaman lafiya da aka sa wa sunan Kafanchan, suka nemi gafarar juna a rubuce. Ba a rufe shekarar ba aka sake kai hare-hare a wasu ƙauyukan Jama'a da Kaura. Duk da haka ran 1 ga Janairu ta kowace shekara jama'a kan hau motoci su tafi Kagoro kallon bikin Afan, masu kuturun ganga da mafarauta su cika fili, masu tsire da masu lemo daga cikin gari su kafa tebura a gefe, ana ciniki ana musun canji har rana ta faɗi bayan dutse.