Yadda Darasin Aron Kalmomi Ya Buɗe Mini Baki

Hausawa kan ce tsoro na daji, kunya na gida. Amma akwai wani tsoro da ke bin mutum har cikin ɗakin kwanansa, wato tsoron faɗa wa abokin zama abin da ka gaskata game da Allah. Na san wannan tsoro ciki da waje, domin na yi shekara biyu ina ɗauke da shi a wannan sashe namu na Hausa.

Ni Kirista ne, ɗan ƙabilar Eggon, haifaffen Lafiya, garin da ya zama hedikwatar Jihar Nasarawa a shekarar 1996. A garinmu akwai Barebari da Alago da Gwandara da Migili da Tibi, kuma Hausa ce ke haɗa mu a kasuwa da tasha. A majami'armu ta ERCC ma da Hausa muke sujada, da ita 'yan Zumuntar Mata ke rera waƙa. Saboda haka bakina ya faɗa sosai, har da na shigo jami'a mutane da yawa suka ɗauka ni Musulmi ne. In an kira salla sai a ce, "Malam, mu je masallaci," ni kuwa in ce ina zuwa, in sulale.

Mai karatu zai ce, to mene ne abin tsoro? Mun tashi muna jin labarin rikicin Kaduna na 2000 da na Jos na 2001 a bakin iyayenmu, sa'annan muka ji abin da ya faru da wata ɗaliba a Sakkwato a 2022. Ranar da zan bar gida Mama ta riƙe hannuna ta ce, "Ɗana, baki shi ke yanka wuya. Ka yi karatunka, ka kama bakinka." Ban da wannan, ina gudun kalmar nan "arne", ina kuma gudun rasa abokin ɗakina, wani Bakatsine mai kirki wanda tukunyarmu ɗaya da shi. Shi ya san ina zuwa coci, amma ba mu taɓa ɗaga zancen ba.

Sauyi ya zo ne ta hanyar da ban zata ba. A aji biyu aka ba mu jinga a kan kalmomin da Hausa ta aro daga Larabci, aka ce kowa ya zaɓi fagen da zai tattaro misalai. Da na shiga laburare sai na tarar an buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa tun 1932, aikin da Likita Mila na Wusasa ya yi fice a cikinsa, kuma Bargery mai ƙamusun 1934 aikin mishan ne ya fara kawo shi ƙasar Hausa. Sai na ce a raina, ashe Hausar cocinmu ma fage ce ta nazari.

Na tattaro kalmomi irin su bishara da addu'a da alheri da Almasihu. Na nuna cewa "sujada" a wurin Musulmi ɗora goshi ne a ƙasa, amma a bakin Kirista ma'anarta ta faɗaɗa ta haɗa taron ibadar Lahadi gaba ɗaya. Na kuma nuna cewa "ikkilisiya" asalinta daga Girkanci ne. Ranar gabatarwa gwiwoyina na kaɗawa, domin dole in fara da cewa, "A cocinmu muna cewa..." Na faɗa, aji ya yi tsit na ɗan lokaci, daga nan tambayoyi suka fara zubowa, dukkansu a kan harshe. Malaminmu ya ce in ajiye aikin, zai iya zama kundin digiri.

A daren nan abokin ɗakina ya dube ni ya ce, "Malam, ashe ku ma Allah kuke kira? To, me kuke cewa game da Annabi Isa?" Gabana ya faɗi, amma na amsa. Na ce a wurinmu Yesu Almasihu ya mutu a kan gicciye domin zunubanmu, ya tashi a rana ta uku, kuma a kan wannan na dogara. Shi kuma ya bayyana mini cewa a Musulunci Annabi ne mai daraja, ba a gicciye shi ba, Allah ne ya ɗauke shi. Muka kai ƙarfe ɗaya na dare, ban janye ba, bai janye ba. Washegari shi ya dafa mana shinkafa da wake kamar kullum.

Abin da na koya shi ne, ba da shaida daban, zagi daban. Sashe na 38 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin bayyana addininsa da yaɗa shi, amma magana zarar bunu ce, doka ba ta mayar da ita. Don haka nakan jira a tambaye ni, in fara da "a wurinmu", in faɗi nawa ba tare da na taɓa abin da wani yake girmamawa ba, in kuma saurara kamar yadda aka saurare ni. Inda na ga taro ya ɗauki zafi, sai in bar zancen zuwa wani lokaci.

Ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai Kiristoci da ke wannan sashe su daina ɓoye kansu a bayan iya Hausarsu. Ku kuma 'yan'uwa Musulmi, ku riƙa tambayarmu kai tsaye, domin rashin sani ya fi dare duhu. Harshen da muke nazari ya ishe mu mu fahimci juna, ko da kowa ya tsaya a kan imaninsa. Allah ya zaunar da mu lafiya.