Daga Zangon Kumasi zuwa Zauren Kwamba

Ina ɗan shekara goma sha tara na sauka Zangon Kumasi a 1966, da wasiƙar kawuna a aljihu zuwa ga wani maigida mai fataucin goro. Abin da na fi tsoro a lokacin shi ne yaren Tonawa, wato Asante. Ban cika wata shida ba ina taya goro da shi a kasuwa. Dokunu ma, da na ƙi ci kwana uku saboda tsami, daga baya har bin mai tallarsa nake.

Abin da ke karya baƙo a babban gari shi ne rashin wanda zai tsaya masa. Maigida ne ke ba ka ɗaki, ya ajiye maka kuɗi, ya yi magana da yawunka gaban sarkin zango. Ran da huhun goro ya ɓace aka nuna ni, tsohon nan ko daga buzunsa bai tashi ba. Cewa ya yi, "Yarona ne." Magana ta mutu.

Sai Nuwamban 1969, gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar Gana. Ashe maigidan nawa, da aka yanke masa cibiya a Kumasi, shi ma ba shi da ita. Ya sayar da gidansa a wulaƙance, muka hau mota ɗaya, yana rungume da buta da Alƙur'ani.

Na zo garin nan tun sunansa Abuja, kafin a ɗauke sunan a ba sabon birnin tarayya, mu a bar mu da Suleja. To, yau yaran Maraɗi da Damagaram ne ke kwana a zaurena a Kwamba. Da asuba su bi ta Madalla da Zuba, wani gadi, wani turin ruwa, domin hayar Abuja ta fi ƙarfinsu.

Kwanan baya wani sabon zuwa ya dawo kamar zai yi kuka. An yi masa alkawarin jaka biyar a kan aikin yini, shi ko ya lissafa irin ta gida, sefa dubu kowace jaka. Mai aikin ya miƙa masa naira dubu ɗaya, don jakarmu ta da ɗari biyu ce.

Na ce, "Samari, sha koko tukuna. Ina katin shaidarka?"

Ya ce, "Baba, yana Maraɗi."

Na ce gobe ba shi ba Abuja, sai mun aika direba ya zo da shi.